UWARGIDAN KURUMAN: LABARIN MARYAMU MOFAT DA IYALINTA

Ɗan'uwana mai karatu, in an ce maka mai bishara, watakila abin da za ka fara gani a ranka shi ne mutum tsaye a bakin kasuwa, da Littafi a hannu, yana wa'azi. Gaskiya ne, wannan aikinsa ne. Amma mai bishara yana da gida. Yana da mata da 'ya'ya, da tukunya a kan murhu, da yaro mai zazzaɓi da tsakar dare. Maƙwabta kuwa su kan daɗe suna duban zaman gidansa kafin su kasa kunne ga maganar bakinsa. A cikin wannan ɗan littafi za mu ba ka labarin wata mace wadda ta riƙe irin wannan gida shekara 50 a baƙuwar ƙasa. Sunanta Maryamu Mofat. Ka karanta a hankali, gama akwai tambaya da ke jiranka a ƙarshe.

'YAR MAI GARKA

An haifi Maryamu a shekara ta 1795 kusa da birnin Manchesta a ƙasar Ingila. Ubanta, Yakubu Simit, mai garka ne, yana renon itatuwa yana sayarwa. Iyayenta masu bi ne. Suka sa ta a makarantar 'yan'uwa na Morabiya, mutanen da suka yi suna wajen aika masu bishara zuwa ƙasashe masu nisa. Tun tana yarinya ta riƙa jin labarin al'ummai waɗanda ba su taɓa jin sunan Yesu ba, abin kuwa ya zauna a zuciyarta.

Ana nan sai wani saurayi mutumin Sikotlan, Robat Mofat, ya zo aiki a garkar ubanta. Tsararta ne, shi ma a 1795 aka haife shi. Ya riga ya ba da kansa ga Ƙungiyar Mishan ta Landan domin a aike shi. Suka so juna. Amma iyayen Maryamu suka ƙi, domin ita kaɗai ce 'yarsu mace, a zamanin nan kuwa wanda ya tafi Afirka ba a sa ran sake ganinsa. A shekara ta 1816 Robat ya shiga jirgin ruwa shi kaɗai.

Ka lura da abin da Maryamu ta yi. Ba ta gudu daga gida ba, ba ta yi wa iyayenta tsiwa ba. Ta zauna tana yi musu hidima, tana addu'a, tana jira. Bayan fiye da shekara biyu, Allah ya sauya zuciyarsu, suka sallame ta da albarka. A watan Disamba na 1819 aka ɗaura musu aure a birnin Keftawun, can ƙarshen Afirka ta kudu.

ƊAKIN AMARYA A KAN KEKE

Ɗakin farko da amarya ta tare a ciki keken shanu ne. Babban keke ne mai ƙafa huɗu da rumfar tamfol, shanu goma ko goma sha biyu ke jansa. A ciki a ke kwana, a gindinsa a ke dafa abinci. Daga Keftawun zuwa ƙasar Batswana, inda aka aike su, wajen kilomita 1,000 ne, keken kuwa da ƙyar ya kan wuce kilomita 20 ko 30 a yini. Tafiyar mako da mako ce cikin ƙasa mai ƙaya da duwatsu da ƙarancin ruwa. In zafi ya yi yawa, sai a huta da rana a yi tafiyar dare. In an zo kogin Oranj ya cika, ba gada, sai a sauka a jira shi ya janye.

Suka zauna na ɗan lokaci a garin Girikwa, inda aka haifi 'yarsu ta fari a watan Afrilu na 1821. Suka sa mata sunan uwarta, Maryamu. A wannan shekara suka koma da zama wurin Batalafin, wani reshe na Batswana, waɗanda sarkinsu Motibi ne, a bakin rafin Kuruman. Al'adar Batswana ce a kira iyaye da sunan ɗan fari. Saboda haka har ƙarshen zamanta a ƙasar, Ma-Mary su ke kiranta, wato uwar Maryamu, mijin kuma Ra-Mary.

AIKIN YAU DA GOBE

Kada ka yi tsammani Baturiyar nan ta zauna a inuwa ana yi mata fifita. A Kuruman ba kanti, ba likita, ba tela, ba maƙeri sai mijinta. Duk abin da gida ya ke bukata, sai hannu ya yi shi. In an yanka tunkiya, a ci wani nama, a yanyanka saura a barbaɗa gishiri a shanya. Kitsen kuma a narke shi a yi kyandir, saura a haɗa da ruwan toka a dafa sabulu. Alkama sai an niƙa kafin a ga gurasa. Madara a zuba ta cikin salka ta yi tsami, yadda mutanen ƙasar su ke yi. Tufafin yara da na miji, duka allurarta ce.

Akwai wani abu da ta koya wurin matan ƙasar wanda da fari ta yi ƙyamarsa. Su kan dama kashin shanu da ruwa su shafe daɓen ɗaki. Da ta gwada, ta ga yana kwantar da ƙura yana kashe ƙuma. Daga nan ta riƙa shafe ɗakunanta da shi kowane mako, har ta rubuta wa 'yan'uwanta a Ingila tana yabonsa. Wanda ya zo koya wa mutane hanyar Allah, in ya ƙi koyon kome a wurinsu, ba zai daɗe ba.

Robat kuwa, bayan wa'azi, shi ne magini, shi ne masassaƙi, shi ne maƙeri, shi ne mai tatsar shanu. Shi da abokin aikinsa Hamilton suka haƙa hanyar ruwa zuwa garka. A shekara ta 1824 suka koma wani wuri kusa da babban marmaro wanda a ke kira Idon Kuruman, mai ɓulɓulo da ruwa rani da damina. Da ban ruwa suka shuka alkama da inabi da ɓaure da rumman a ƙasar da ba a saba ganin irinsu ba. Sannu a hankali mutanen gari suka koyi ban ruwa da noma da garmar shanu.

Amma zaman bai zo da sauƙi ba. Su baƙi ne, ba wanda ya kira su domin bishara. Mutane su kan cika ɗakin Maryamu tun safe suna kallo, suna taɓa wannan suna ɗaga wancan. In iyalin sun tafi sujada, kafin su komo an kwashe cokali ko wuƙa, ko an ɗauke nama daga tukunya. Wani lokaci a kan karkatar da ruwan da suka sha wahalar jawowa, shukarsu ta bushe. Wata rana Maryamu, da jaririya a hannu, ta roƙi wata mace ta fita daga madafa domin ta rufe ƙofa. Matar ta ɗauki itace za ta jefe ta. Maryamu ta fita ta bar mata wurin. Ba wanda za ta kai wa ƙara sai Allah.

SHEKARUN FARI

Sai ga fari ya faɗa wa ƙasar shekara bayan shekara. Shanu suna mutuwa, mutane suna tonon saiwa. Aka ɗauko wani boka mai kiran ruwa daga nesa, ya yi iyakar yinsa, sama ba ta zubo ba. Da ya rasa abin cewa, sai aka ɗora laifin a kan baƙi. Aka ce ƙararrawar majami'a ce ta ke korar girgije, aka kuma zargi baƙin gemun Robat. Wata rana wani basarake ya zo da jama'a, da mashi a hannu, ya umarce su su bar ƙasar. Maryamu tana tsaye a bakin ƙofa da jaririya. Robat ya buɗe ƙirjinsa, ya nuna musu sun iya kashe shi, amma ba zai tafi da ƙafarsa ba. Mutanen suka yi mamaki, suka watse.

A shekara ta 1823 wani babban taron mutane, waɗanda yaƙi da yunwa suka koro daga gabas, suka doshi ƙasar suna cinye duk abin da suka tarar. Robat ya gaggauta zuwa garin Girikwa ya nemo mahaya masu bindiga, aka tare su a Ditakon. Bayan faɗan ya shiga fili yana ceton mata da yara na abokan gaba daga hannun masu neman ramuwa. Cikin shekarun nan, ba sau ɗaya ba, Maryamu ta ɗaure kaya ta gudu da 'ya'yanta zuwa garin Girikwa, sa'an nan ta komo ta sake gyara gida.

Gidan kuma ya zama mafakar marasa kowa. Wata rana Robat ya tarar da waɗansu mutanen daji suna shirin binne yara biyu da rai tare da gawar uwarsu, domin ba mai ciyar da su. Ya roƙa aka ba shi su. Maryamu ta rene su tare da nata. A shekara ta 1825 ta haifi ɗa namiji, ya kwana kaɗan ya rasu. Mutanen gari suna ganin wannan duka. Sun ga yadda ta ke riƙon marayu, sun ga yadda ta ke kuka a bakin kabari ba tare da neman wanda ya yi mata maita ba. Duk da haka shekara ta bi shekara, ba ko mutum ɗaya da ya tuba.

ƘOƘON DA YA ISO A KAN KARI

Wata rana Robat ya karai, yana kukan taurin zuciyar mutanen. Maryamu ta tuna masa cewa har yanzu ba su ji bishara da harshen da aka haife su a ciki ba, sai ta bakin tafinta waɗanda su kansu ba su gane ta ba. Maganar ta kama shi. A shekara ta 1827 ya bar ta da yara, har da jariri, ya tafi ya zauna wata biyu da ɗoriya cikin Barolon, inda ba mai jin kome sai Setswana. Ya komo yana iya wa'azi ba tafinta. Ka ga, shawarar tata ce, kuma ita ce ta biya tamaninta da zaman kaɗaici.

A cikin waɗannan shekaru na duhu wata abuyarta a birnin Shefil ta rubuto tana tambaya ko me za ta aiko mata. Mace mai bukatar allura da yadi da magani, me ka ke tsammani ta roƙa? Ta roƙi ƙoƙo da faranti na Jibin Ubangiji, ta ce wata rana za a bukace su. Lokacin nan ba Motswana ko ɗaya da aka yi wa baftisma a Kuruman. Wasiƙa ta kan yi watanni a hanya, kaya kuwa sun fi haka daɗewa.

A shekara ta 1829 Ruhun Allah ya sauko wa garin. Majami'a ta cika, maza waɗanda al'ada ta hana su kuka suka riƙa zub da hawaye saboda zunubansu. A watan Yuli aka yi wa mutum 6 baftisma, mutum 12 suka zauna cin Jibin Ubangiji. Ana gab da ranar, sai ga akwati daga Ingila. Aka buɗe, ga ƙoƙo da faranti. Ka buɗe Galatiyawa 6:9 ka ga alkawarin da Allah ya yi wa wanda bai gaji da shuka ba.

'YA'YA DA HANYA

A shekara ta 1830 iyalin duka suka hau keke suka yi kudu. Robat yana ɗauke da Bishara ta hannun Luka wadda ya juya da Setswana. A Keftawun bai sami mai buga masa ba, sai ya koyi jera baƙaƙen ɗab'i da hannunsa. A 1831 ya komo Kuruman da injin buga littattafai a cikin keke. Amma sun komo da ragin mutum biyu. Sun bar Maryamu ƙarama, 'yar shekara 9, da ƙanwarta 'yar shekara 7, a makarantar kwana a Salem, tafiyar makonni daga gida.

Wannan shi ne gicciye mafi nauyi da Maryamu ta ɗauka, ya fi yunwa da mashi. Domin ta ga 'ya'yanta, ta kan hau keke ba tare da mijinta ba, sai 'yan rakiya Batswana, domin kada aikin juya Littafi ya tsaya. A wata tafiya ta tarar da kogin Oranj ya yi ambaliya. Ta yi makonni a bakinsa cikin zafi da ƙananan yara, har aka kwance keken aka haye da shi gunduwa gunduwa a kan itatuwan da aka ɗaure.

Robat ma yana da nasa tafiye-tafiye. Sau biyar ya ziyarci Mzilikazi, sarkin Matabele, mayaƙin da ƙasa duka ke tsoro, daga 1829 zuwa 1859. Daga ƙasar sarkin nan aka jawo manyan itatuwan rufin majami'ar dutse ta Kuruman, wadda aka buɗe a 1838, tana nan tsaye har yau. Duk sa'ad da ya tafi, watanni ya kan yi, Maryamu ce mai riƙon gida da garka da lissafi da baƙi.

A shekara ta 1839 suka tashi zuwa Ingila domin a buga Sabon Alkawari. A cikin jirgi, tun bai bar gaɓa ba, ta haifi 'ya mace. Bayan kwana uku ɗansu Yakubu, ɗan shekara 6, ya rasu da ƙyanda. 'Ya'ya 10 ta haifa, 3 suka rasu suna ƙanana. Da za su komo Afirka a 1843, suka bar 'yarsu Helen a Ingila. Uwa da 'ya ba su sake ganin juna ba sai bayan shekara 27.

SURUKIN DA YA YI NISA

A Ingila wani saurayi likita ya ji Robat yana labarin hayaƙin garuruwa masu ɗimbin yawa da ya hango a arewa, inda mai bishara bai taɓa zuwa ba. Saurayin nan shi ne Dauda Libinston. Ya zo Afirka. A 1844 zaki ya karya masa hannu, daga baya ya zo Kuruman ya huta, a gindin wani itace na garkar kuwa ya nemi auren Maryamu ƙarama. Aka ɗaura a farkon 1845.

Ziyarar amarya ma sai da keke. Ƙanwarta tana komowa daga wurinta, da dare zaki ya kashe sa ɗaya a gefen keken. Ta kwana a ciki ba motsi, tana jin yana tauna ƙashi har gari ya waye.

Libinston ya ratsa hamadar Kalahari da matarsa da ƙananan yara a 1850, ita kuwa tana da ciki. Da suka komo ta haihu, jaririyar ta rasu. Da uwar ta ji yana shirin sake tafiya da su a 1851, ba ta bar kunyar surukuta ta rufe mata baki ba. Ta rubuta masa wasiƙa mai zafi tana gargaɗinsa. Macen da ta ba da kome domin bishara ta sani aikin Allah ba hujja ba ne ta wasa da ran mace da yara.

MARAICE

A shekara ta 1857 aka gama buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Setswana a Kuruman, bayan wajen shekara 30 na aiki. Sunan Robat ne a ke ambata, amma kowace sa'a da ya zauna da alƙalami, akwai wadda ta ɗauke masa nauyin gida.

Tsufa bai kawo hutu ba. A 1862 Maryamu ƙarama ta rasu da zazzaɓi a Shupanga, a bakin kogin Zambezi. A wannan shekara kuma babban ɗansu Robat ya rasu a hanya. A 1866 mijin 'yarsu ta biyu, wani mai bishara Bafaranshe, ya mutu cikin fashewar albarushi. Duk da haka ɗansu Yohanna da 'yarsu da aka haifa a jirgi suka shiga aikin bishara a ƙasar. Yaran da suka ga wahalar da idonsu, su ne suka zaɓe ta.

A watan Maris na 1870 tsofaffin suka hau keke tafiya ta ƙarshe. Jama'a suka kewaye su suna kuka, 'ya'ya da jikokin waɗanda dā suka so korarsu. A watan Janairu na 1871 Maryamu ta yi barci cikin Ubangiji a Landan. Robat ya bi ta a 1883.

KAI FA, MAI KARATU?

Ba a san Maryamu Mofat da wa'azi a kan mumbari ba. Wa'azinta daɓen ɗaki ne, da marayun da ta goya, da haƙurin da ta yi da mai ɗaukar mata cokali. Shekara 8 mutanen Kuruman suna karanta wannan kafin su gaskata abin da mijinta ya ke faɗi.

Ɗan'uwa mai bi, watakila kai kaɗai ne Kirista a unguwarku, ko ikilisiya ta aike ka ƙauyen da ba ka da dangi. Maƙwabtanka suna jin yadda ka ke yi wa matarka magana ta bayan danga. Suna ganin ko ka kan biya bashi. Me su ke karantawa a gidanka? In kuwa kana yawon wa'azi iyalinka suna kwana da yunwa, ka karanta 1 Timoti 5:8. 'Yar'uwa, kada ki ce aikinki daka ne da ɗiban ruwa kaɗai. Ubangiji yana lissafinsa, maƙwabta ma suna gani. In kun yi shekaru ba ku ga amfani ba, ku tuna da wadda ta roƙi ƙoƙo tun ba masu sha.

Kai kuma da ba ka karɓi Yesu ba tukuna, ka tambayi kanka abin da zai sa mace ta bar uwa da uba, ta binne 'ya'yanta a baƙuwar ƙasa, ta zauna shekara 50. Ba ta tara dukiya ba. Ita mai zunubi ce kamar ni da kai, ta kuwa san haka. Amma ta san Wanda ya riga ta barin gidansa. Yesu Almasihu ya bar ɗaukakar sama, ya zauna cikin mutanen da suka ƙi shi, ya mutu a kan gicciye domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Shi ne ya riƙe ta, shi ne kuma ya ke kiranka yau. Ka furta masa zunubanka, ka ba da gaskiya gare shi, zai gafarta maka ya karɓe ka cikin iyalinsa. Ka nemi wani mai bi kusa da kai ya karanta maka Yohanna 1:10 zuwa 13, ku yi addu'a tare.